Ɗinkin Mai Karɓo Abin Hawa: Abin da Na Gani a Wani Shagon Tela a Kano

Shekara bakwai ke nan ina aikin karɓo ababen hawa daga hannun waɗanda aka ba su bashi suka kasa biya, kuma a Kano galibin abin da muke karɓowa adaidaita sahu ne, sai ƙananan motocin haya jifa-jifa. Tun da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a farkon shekarar 2013, keke mai ƙafa uku ya cika gari, amma kaɗan ne daga cikin matuƙansa suka saya da kuɗinsu. Yawanci wani Alhaji ne, ko kamfani, ko ƙaramin banki, yake sayo Bajaj ko TVS ya ba matashi bisa yarjejeniya, shi kuma ya riƙa kawo balas kullum ko mako-mako har kuɗin ya cika keken ya zama nasa. Ranar da balas ya yanke, waya ta daina shiga, garanto ya fara kame-kame, ranar ake neman irinmu. Mutane suna ɗauka aikinmu duka ƙarfin tuwo ne da janwe, alhali kusan rabinsa zama ne a ofis gaban masu dukiyar, domin su ne suke ba mu aikin, su ne kuma suke janye shi.

Abin da ya kai ni shagon telan da zan yi bayaninsa abu biyu ne da suka same ni cikin wata guda. Na farko, na taso daga wajen ɗaga wani keke na wuce kai tsaye ganawa da manajan wani ƙaramin banki, da wandon jins a jikina mai tabon baƙin mai a gwiwa da silifas a ƙafa. Ya saurare ni cikin ladabi, ya duba takardun kamfaninmu, amma na lura idonsa yana ta komawa kan ƙafata, kuma da zai sallame ni sai ya ce, “Malam, mu babban tsoronmu shi ne a wayi gari a ce banki ya tura wa mutane 'yan daba.” Aikin bai zo hannunmu ba. Na biyu kuwa gyaran da na so in yi ne ya wuce gona da iri: na saka babbar rigata ta shadda ta zuwa ɗaurin aure na tafi gidan wani matuƙi da ya yi wata biyu bai kawo balas ba. Mahaifinsa ya fito zaure ya ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi, ya ce, “Alhaji, ashe da gumin yaranmu ake ɗinka irin wannan.” Ba mu fahimci juna ba a ranar, kuma laifin rigar ne fiye da na bakina.

Wani ma'aikacin sashen bashi ne ya kwatanta mini shagon, wanda yake cikin wani layi ba nisa da Kantin Kwari. Daga waje ba shi da wani abin jan hankali: kekunan ɗinki shida, injin aiki guda ɗaya, janareto a bakin ƙofa, da benci na masu jira. Maigidan shagon dattijo ne da ya daɗe yana yi wa ma'aikatan gwamnati da na banki ɗinki, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauko abin awo ba sai da ya yi mini tambayoyi kamar likita. Ya tambayi wa nake gani da safe, wa nake gani da yamma, ko ina tuƙi da kaina, ko ina tsugunawa a ƙarƙashin mota, da abin da nake sakawa a aljihu. Da ya zo awon ma bai bar ni tsaye ƙiƙam ba. Ya sa na durƙusa kamar mai duba lambar inji, ya sa na miƙa hannuwa gaba kamar mai tura keke kan janwe, yana gwada faɗin baya da tsawon hannu a wannan yanayin. Ban taɓa ganin telan da ya yi haka ba, kuma daga baya na gane cewa duk wani daɗin da na ji a kayan daga wannan mintina goma ya samo asali.

Mun ɗan yi ja-in-ja a kan yadi. Ni da niyyar Getzner na je, shaddar nan ta kamfanin ƙasar Ostiriya wadda kowa ya san darajarta a wajenmu, don a tunanina babu manajan da zai raina mai sanye da ita. Dattijon ya yi murmushi ya ce, “Yallaɓai, shadda kayan zama ce, kai kuwa ba mazauni ba ne.” Hujjarsa ita ce shadda tana son sitaci da bugu, kuma da zarar mutum ya zauna cikin mota na awa ɗaya bayanta ya yamutse, sannan idan baƙin mai ya taɓa ta an yi asara ke nan, domin wankin da zai fitar da tabon shi zai kashe ƙyallinta. Ya ƙara da abin da na riga na ɗanɗana, wato ƙyallin da yake ƙara wa mutum kwarjini a ofis shi ne yake zama tsokana a ƙofar gidan wanda ake bi bashi. Muka tsaya a kan yadi mara ƙyalli, matsakaicin nauyi, wanda auduga ta fi yawa a cikinsa. Na yarda da shi a lokacin da ɗan gunaguni, yanzu kuwa ba ni da ja.

Batun launi shi ne inda na ga lallai mutumin ya san garin da yake ciki. Ya ture baƙi saboda zafi da kuma kamannin 'yan sanda, ya ture kore saboda Hisbah, ya ture ruwan ɗorawa saboda jami'an KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, ya kuma ce ko da kuɗi ba zai ɗinka mini wani abu mai kama da kayan soja ba. Wannan ba tsoro ne na banza ba. Yin sojan gona laifi ne a doka, kuma akwai masu irin sana'armu da suke saka baƙaƙen kaya da baƙin tabarau da manyan takalma don matuƙi ya ɗauka hukuma ce ta tare shi. Dabarar takan ci sau ɗaya ko biyu, amma ranar da ta ƙi ci, mai dukiyar ne yake tsintar kansa a caji ofis yana bayani. Gaskiyar magana ikonmu ƙanƙane ne. Dokar sayen kaya da biya kaɗan-kaɗan ta Nijeriya, wadda aka yi a 1965, ta ce idan mai riƙe da abin hawa ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗinsa, mai shi ba zai ƙwace shi da hannunsa ba sai ta hanyar kotu, in ban da damar da aka ba shi ta ɗauke shi ya adana kafin a yi hukunci idan an tara biya uku ko fiye ba a yi ba. Tun 2017 kuma akwai dokar jingina da kadarorin da ake iya motsawa, da rajistar da Babban Bankin Nijeriya yake kula da ita, don haka bankuna sun ƙara sa ido a kan yadda ake karɓo musu kaya. Manajan da ya san waɗannan abubuwa yana neman mutumin da zai iya tsayawa gaban alƙali ya ba da shaida ba tare da ya ba shi kunya ba, kuma shigarka ce farkon abin da yake auna wannan da shi. A ƙarshe muka zaɓi ruwan toka, da ruwan ƙasa, da shuɗi mai duhu na kwat.

Kaya kala uku na bayar, kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba.

Kaftanin ruwan toka shi ne gwanin cikinsu, kuma saboda shi kaɗai zan iya tura mutum shagon. Tsawonsa ya tsaya daidai gwiwa, ba ya jan ƙasa idan na durƙusa, ba ya kuma naɗewa a giya ko birkin hannu idan ina tuƙi. Aikin wuyan siriri ne da zare mai launin yadin, sai mutum ya matso kusa yake ganinsa. Tsagar gefe ta hau sama fiye da yadda aka saba, ta yadda hannu yake isa aljihun wando ba tare da an tattare riga ba, kuma a maimakon hannu mai links ya sa maɓalli biyu, wanda ya sa naɗe hannu don alwala ko don taɓa inji ba ya ɗaukar lokaci. A cikin ƙirji ya yi wani ɓoyayyen aljihu mai zif wanda kwafin yarjejeniya yake shiga idan an ninka shi biyu, tare da safayan mukulli. Da wannan kaftani na shiga wani bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, irin waɗanda suka yawaita tun bayan da Jaiz ya fara aiki a 2012, inda ake ba da abin hawa ta hanyar murabaha, wato banki ya saya ya sayar wa mutum da ribar da aka amince, ko ijara, wato haya. A can ma'aikatan wasu suna cikin kwat wasu cikin kaftani, na zauna a tsakaninsu ba wanda ya dube ni sau biyu, kuma abin da nake nema ke nan. An shafe awa guda ana tambayata inda muke ajiye abin da muka karɓo, da yadda muke ɗaukar hotonsa kafin mu taɓa shi, da wanda yake sa hannu a matsayin shaida, ba a koma kan ƙafata ko sau ɗaya ba.

Da wannan kaftanin dai, a yammacin ranar, na je wata unguwa a bayan gari wajen wani matuƙi da na'urar bin sawu ta nuna kekensa yana kwana a wani kango. Kamar yadda muka saba, na fara biyawa ta wajen mai unguwa, ya haɗa ni da yaronsa. Yayan matuƙin ne ya fito, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya aika aka kawo ruwa a kwanon sha. Na cire takalmi na zauna, na zaro takardar daga aljihun ƙirji na karanta masa adadin da aka biya da wanda ya rage, yana bi da yatsa. Ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, matarsa ce ta haihu aka yi mata aiki, kuɗin can suka tafi.” Na ce masa ni ɗan aike ne, amma zan rubuta wannan a rahotona, kuma keken zai zauna a ajiye ba za a sayar ba har su je su zauna da banki. Ya shiga gida ya daɗe, sannan ya fito da mukullin ɗaure da wani jan zare ya ajiye a kan tabarma. Ba zan ce riga ce ta karɓo keken ba, domin takarda da mai unguwa da sassauta murya su suka yi aikin. Abin da zan iya cewa shi ne rigar ba ta shiga tsakaninmu ba, kuma da na tashi na karkaɗe ta ƙurar ta fita.

Safarin ruwan ƙasa, wanda na yi don ranakun da ba ni da ganawa sai fita fili, ya zo da matsala biyu. Yaron shagon da ya haɗa shi ya ɗora masa maɗauri a kafaɗu da murfin aljihu masu kusurwa, sai ya fito sak kayan ma'aikacin tsaro, wato ainihin abin da ni da maigidansa muka zauna muka ce a guje masa. Dattijon da ya gani bai yi musu ba, ya sa aka warware a gabana. Ta biyun ta fi ciwo: a wankin farko yadin ya zuba, ya ɓata mini farar singileti da wata rigar yarona da aka jiƙa tare. Shagon ne ya sayo yadin, don haka na koma da ƙorafi. Ya karɓi laifin, ya ce bai jiƙa ƙyalle ya gwada ba kamar yadda ya saba, ya kuma sake ɗinka rigar kyauta bisa sharaɗin ni zan sayi sabon yadin. Na ga rabin adalci ne, amma na karɓa. Wandon safarin kuwa ba ni da abin cewa a kansa sai yabo, domin ya ninka yadi a gwiwa ta ciki yadda ba a gani daga waje, kuma bayan wata takwas ina tsugunawa a kan kwalta da tsakuwa bai nuna alamar hujewa ba.

Kwat ɗin asarar kuɗi ce, kuma ba zan ɓoye ba. Na so in mallaki guda ɗaya saboda kamfanonin da manyansu suke zuwa daga Legas ko Abuja, waɗanda suka fi sabawa da ganin ɗan kwangila cikin kwat da laktaye. Kafaɗun sun fito a tsaye kamar an saka katako, hannun ya ɗan karkace, kuma shafin cikin na roba ne wanda ba ya shan iska. Na saka ta sau ɗaya a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, daga mota zuwa ƙofar ofis kawai na jiƙe sharkaf, na zauna ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ina rawar ɗari cikin gumina. Hannun mutanen shagon a kayan gida ya faɗa, kuma da maigidan ya gaya mini haka tun farko da ya fi mini. Wanda yake son kwat ya nemi telan da ita ce sana'arsa, ko ya shiga gwanjon Ƙofar Wambai ya zaɓi mai kyau a rage masa. Ni dai daga baya na gano cewa baƙin na Legas ma ba su damu ba idan suka gan ni cikin kaftani mai tsafta da guga.

Alƙawari kuwa, tela tela ne. An ce mini mako biyu, sai da aka yi biyar, domin na kai kayan ana saura kwana kaɗan a fara azumi, ɗinkin Sallah ya danne nawa. Sau uku ina zuwa ana ce mini “gobe in sha Allahu,” kuma wayar shagon ba kasafai ake ɗagawa ba. Ba sa ba da rasit, sai dai a rubuta sunanka da awonka da abin da ka bayar a wani babban littafi, a maƙala ƙyallen yadinka a gefen shafin da allura. Ga mutumin da rayuwarsa duka takarda ce da sa hannu wannan bai kwanta mini ba, shi ya sa na biya ta banki don in sami shaida, na kuma ɗauki hoton shafin da wayata. Kuɗin ɗinkin ya kusan ninka na telan unguwarmu. A kan kaftani na ga ya cancanta, a kan safari ya yi daidai bayan gyara, a kan kwat kuwa ko rabinsa bai kamata in biya ba. Ba sa ɗinkin mata, don haka abokiyar aikinmu mai riƙe da lissafi, wadda take raka ni wasu ganawar, sai wani wuri ta nema.

Shagon ba ya sayar da hula ko takalmi, amma dattijon bai bar ni na tafi ba sai da ya yi magana a kansu, kuma shawararsa ta yi mini amfani kamar ɗinkin. Ya ce in ajiye zanna bukar mai tsada don Juma'a da biki, in nemi hula mai sauƙin aiki wadda launinta bai yi faɗa da rigar ba. Ya ce takalmi ya zama sau ciki, baƙi ko ruwan ƙasa, kuma in riƙa ajiye ƙafa biyu a mota, ɗaya na fili ɗaya na ofis, tare da burushi, musamman a lokacin hunturu da ƙura take rufe komai kafin azahar. Ni na ƙara da nawa: katin shaidar kamfani a rataye inda kowa zai karanta, turare kaɗan, kuma babu baƙin tabarau idan ana magana da mutum, ko manaja ne ko matuƙi. Na taɓa tambayarsa ya ɗinka mini tambarin kamfaninmu a ƙirjin safarin, ya ce zai yi idan na nace, amma daga nesa tambari a ƙirji baji ne, kuma mai keke ba ya tsayawa ya karanta kafin ya taka wuta. Na fasa.

Wanda yake irin aikina, ko mai karɓar bashi, ko duk wanda yake fita daga ofishin mai kuɗi ya shiga zauren mai neman uzuri a rana ɗaya, zai sami biyan buƙata a shagon idan ya tsaya a kan kaftani da wando, ya sayo yadinsa da kansa ya jiƙa ƙyalle ya gwada, ya kuma kai ɗinkin nesa da Sallah. Makon jiya na sake kai yadi biyu, ruwan toka mai ɗan duhu da ruwan madara, na roƙe shi ya ƙara zurfin aljihun gefe da inci biyu domin wayata ta taɓa zamewa ta faɗi lokacin da nake ɗaure keke a kan janwe. Ya buɗe littafin ya nemo shafina, ya rubuta a ƙarƙashin tsohon awon, ya ce in dawo bayan mako biyu. Na sa wa kaina mako huɗu.